Yadda lauyoyin gado a Amurka ke samun kwastoma, da inda kuɗinsu ke zurarewa

A Amurka mutum sama da miliyan 3 ke rasuwa duk shekara, kuma da yawansu suna barin gida ko asusun banki da sunansu su kaɗai. Galibi irin wannan dukiya ba ta motsi sai kotu ta sa hannu. Banki ba zai saki kuɗin ba, ba kuma za a iya sayar da gidan ba, sai magada sun kawo takardar izini daga kotun gado. Aikin da ake kira furobet ke nan: kotu ta tabbatar da wasiyya in akwai, ta naɗa wanda zai kula da dukiyar, a biya bashi da haraji, sannan a raba abin da ya rage.

Lauyan da ya zaɓi wannan fanni yana da matsalar da lauyan kamfani ba shi da ita. Kwastomansa ba ya dawowa. Mutum yakan kula da gadon mahaifinsa ko na matarsa sau ɗaya ko biyu a rayuwa, daga nan shi ke nan. Don haka kowane wata sai an samo sabbin mutane, kuma a kan wannan buƙata ne aka gina wata kasuwa ta dillalai masu tattara sunaye da lambobin waya suna sayar wa lauyoyi. Wasu lauyoyin sun tsaya da ƙafarsu ta wannan hanya. Wasu kuwa sun zuba dubban daloli ba su ga komai ba, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: sun sayi sunan mutum a lokacin da ba shi da amfani a gare su.

Tazarar da ake fafutuka a kanta

Daga ranar rasuwa zuwa ranar da aka shigar da takarda kotu akwai 'yan makonni, wani lokaci watanni. A cikin wannan tazara ne iyali ke ɗaukar lauya. Kafin ta, mutane suna cikin makoki, wanda ya zo musu da talla ya ɓata sunansa. Bayan ta kuma an riga an ɗauki wani.

Doka ce ke tura iyali su motsa. A Filorida, wanda wasiyya ke hannunsa sai ya miƙa ta ga magatakardar kotu cikin kwana 10 da samun labarin rasuwar. A Kalifoniya kwana 30 ne. A Tekzas ana da shekara 4 a gabatar da wasiyya, shi ya sa can ake yawan samun waɗanda ba sa neman lauya sai ranar da suka tashi sayar da gida aka ce musu takardar ba ta da sunansu. A Filorida kuma ƙa'idar kotu ta wajabta wa mai kula da gado ya ɗauki lauya a cikakkiyar shari'a, sai fa in shi kaɗai ne mai haƙƙi a dukiyar. Lauyan da bai san abin da ke tura mutanen jiharsa ba, bai san lokacin da zai sa tallarsa a gabansu ba.

Wannan ne ya sa jerin sunayen da ake kwasowa daga rajistar kotu, wanda shi aka fi tallatawa, yake da ƙarancin amfani ga lauyan gado. Shari'ar gado a buɗe take ga kowa, dillalai sukan aika mutum kotunan gundumomi ko su kwaso daga shafukan kotun, su haɗa sunan mamaci da na mai kula da gado da adireshin gidan. Amma dubi takardar da kanta. A Kalifoniya, sanarwar da doka ta ce a buga sau uku a jarida tana ɗauke da layin da aka rubuta sunan lauyan mai shigar da buƙatar, da adireshinsa da lambar wayarsa. Wato sunan da aka sayar maka ya zo tare da shaidar cewa wani ya riga ka. An zo kasuwa bayan ta watse. Asalin masu cin moriyar wannan jeri su ne dillalan gidaje da masu sayen gida su gyara su sayar, domin su buƙatarsu tana farawa ne bayan an naɗa mai kula da gado.

Ba a ce jerin ba shi da amfani sam ba. A ciki akwai waɗanda suka shigar da takarda da kansu ba lauya, kuma da yawa sukan maƙale a wajen lissafin kadara ko sanar da masu bin bashi. Lauya mai haƙuri zai tace jerin ya fitar da waɗannan kaɗai ya rubuta musu wasiƙa. Sauran sunayen asarar kan sarki ce kawai.

Abin da doka ta yarda da shi

Kafin 1977 lauya a Amurka ba ya talla. A shekarar ne Kotun Ƙoli, a shari'ar Bates da ƙungiyar lauyoyin Arizona, ta ce talla ta gaskiya tana cikin 'yancin faɗar albarkacin baki. Shekara ɗaya bayan nan, a shari'ar Ohralik, kotun ta ce jiha na iya hukunta lauyan da ya je wa mutum ido da ido yana neman aiki. A 1988, a shari'ar Shapero, ta halatta aika wasiƙa ga mutumin da aka san yana da wata matsala ta shari'a. A 1995 kuma ta amince da dokar Filorida da ta hana aika irin wannan wasiƙa ga waɗanda haɗari ya rutsa da su ko iyalansu sai bayan kwana 30. Waɗannan hukunce-hukunce huɗu su ne suka shata filin: talla ga jama'a halal, wasiƙa halal da sharuɗɗa, tarar mutum kai tsaye haram.

Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta ƙasa tana da ƙa'idojin koyi waɗanda yawancin jihohi suka ɗauka da 'yan gyare-gyare. Ƙa'ida ta 7.3 ta hana lauya neman aiki ta hanyar magana kai tsaye, ko fuska da fuska ko ta kiran waya, ga wanda ya san yana buƙatar lauya, sai in ɗan'uwa ne, ko aboki na kusa, ko tsohon abokin hulɗa, ko wani lauyan. Saboda haka ɗaukar sanarwar rasuwa daga jarida a nemo lambar matar mamacin a kira ta laifi ne, kuma ba ya zama halal don an sa wani ya yi kiran. Ƙa'ida ta 5.3 ta ɗora wa lauya alhakin abin da ma'aikatansa da 'yan kwangilarsa suka yi a madadinsa. A Tekzas ma abin ya wuce ladabtarwar ƙungiya, yana cikin dokar manyan laifuka.

Ƙa'ida ta 7.2 ce ta taɓa dillalai kai tsaye. Lauya na iya biyan kuɗin talla, yana kuma iya biyan kamfanin da ke tattaro masu neman lauya, amma da sharaɗin kada kamfanin ya ce wa mutum wannan lauyan ya fi dacewa da kai, ko ya nuna kamar ya nazarci matsalarsa ya zaɓa masa. Kuma kuɗin ya zama na kowane mutum da aka turo ne, ko ya ɗauki lauyan ko bai ɗauka ba. Da zarar dillali ya ce a ba shi kaso daga kuɗin aikin, an faɗa ƙa'ida ta 5.4 da ta hana raba kuɗin lauya da wanda ba lauya ba. Wannan batu ne ya kawo ƙarshen wani tsarin Avvo, kamfanin da ke haɗa mutane da lauyoyi ta intanet, a 2018, bayan kwamitocin ɗa'a na jihohi da dama sun ce tsarin raba kuɗi ne. Arizona ta soke wannan ƙa'ida daga 2021, amma ita ta fita daban. A Kalifoniya kuma kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2019 cewa abin da LegalMatch, wani kamfanin intanet mai haɗa mutane da lauyoyi, ke yi tura mutane ga lauyoyi ne, wanda dokar jihar ta ce sai da rajistar ƙungiyar lauyoyi. A Filorida wasiƙar talla sai an kai wa ƙungiyar lauyoyi kwafinta kwana 20 kafin a fara aikawa.

Sai dokar tarayya ta 1991 kan kiran waya, wadda ta sa tarar dala 500 a kan kowane kira ko saƙon na'ura da aka tura ba da izinin mai wayar ba, kuma tana iya kaiwa dala 1,500 in da gangan ne. Lauyan da zai sayi lambobi ya nemi dillali ya nuna masa ainihin fom ɗin da mutumin ya cike, da kalmomin izinin da ya amince da su, da ranar. Dillalin da ya ƙi nuna wannan, a bar masa kayansa.

Inda mutanen kirki ke fitowa

Mafi ingancin mai tuntuɓa shi ne wanda ya nemo lauya da kansa, kuma yau hakan yana faruwa ne a Google. Hanya uku ce a nan. Akwai tallar da ake biya kan kowace latsawa. Akwai tallar ayyukan unguwa da ke fitowa a saman shafi, wadda ake biya kan kowane kira ko saƙo, bayan Google ya duba lasisin lauyan. Sai kuma fitowa a taswira da sakamakon bincike na kyauta, wanda ke ɗaukar watanni amma ba a biya.

A tallar latsawa kuɗi yana zurarewa ta ƙofofin da aka sani. Ɗaliban da ke neman ma'anar kalma, masu neman aikin yi a kotu, masu neman lambar wayar magatakarda, masu neman fom na kyauta, duk suna latsawa kuma duk ana cajin lauya. Maganinsa shi ne jerin kalmomin da aka toshe, a riƙa duba rahoton abin da mutane suka rubuta kowane mako ana ƙara sababbi. Kuskure na biyu shi ne haɗa masu son rubuta wasiyya da waɗanda aka yi wa rasuwa a talla ɗaya. Na farko yana da lokaci, yana kwatanta farashi. Na biyu banki ya juyo da shi jiya. Ba magana ɗaya ake yi musu ba, kuma bai kamata su faɗa shafi ɗaya ba.

Akwai wani saiti da ya kamata lauyan gado ya yi wa kallo daban da sauran lauyoyi. Ana buɗe shari'ar ne a gundumar da mamacin yake zaune, amma ɗan da zai kula da gadon sau da yawa yana wata jiha. Uwa ta rasu a Houston, ɗiyarta tana Chicago, daga can take neman lauyan gundumar Harris. In aka taƙaita tallar ga waɗanda ke cikin garin kaɗai, an rufe ƙofa ga mutanen da suka fi kowa buƙatar lauya, tunda ba za su iya zirga-zirgar kotu da kansu ba. Haka nan wanda ya rasu a wata jiha ya bar gida a wata, sai an buɗe ƙaramar shari'a ta biyu a inda gidan yake, kuma wannan aiki yakan zo ne daga hannun lauyan jihar farko.

Shafin da mai latsawa ke faɗawa ya ambaci gundumar da sunanta, da sunan kotun kamar yadda mutanen wurin suka san ta, domin sunan ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ya faɗi yadda ake biyan kuɗin aiki a sarari. Lambar waya ta kasance a sama inda yatsa zai kai, fom kuma kada ya wuce tambaya biyar ko shida.

Hanyar da ta fi daɗewa kuwa, kuma a ganina ta fi kowace albarka, ita ce turowar mutane. Akantoci, masu ba da shawara kan zuba jari, dillalan gidaje, kamfanonin tabbatar da takardun gida, ma'aikatan jinya na gidajen tsofaffi, da lauyoyin haɗari waɗanda ba za su iya shigar da ƙarar mamaci ba sai an naɗa mai kula da gado, duk suna haɗuwa da iyali a cikin tazarar nan. Waɗanda ba lauyoyi ba a cikinsu ba a biyansu lada, ƙa'ida ta hana, sai dai 'yar kyauta ta godiya. An yarda a yi yarjejeniyar turo mini in turo maka muddin ba ta keɓance ba kuma an sanar da kwastoma. Abin da ke riƙe irin wannan alaƙa shi ne wanda aka turo ya koma yana yabawa. Sannan akwai taskar da lauyoyi da yawa ke mantawa da ita a cikin ofishinsu: wasiyyoyin da suka rubuta wa mutane shekaru da suka wuce. Wasiƙa ɗaya a shekara ga waɗannan mutane, tare da sanin wanda suka naɗa wasiyyi, tana sa iyali su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Kiran farko

Yawancin asarar ba a talla take ba, a wajen ɗaukar waya take. Dillalai da yawa suna sayar da mutum ɗaya ga lauyoyi uku ko huɗu, wanda ya fara kira shi ke da shi. Ko ba haka ba, mutumin da ya kira ya ji na'ura zai latsa lamba ta gaba ne. Da yawa kuma da dare suke kira, bayan an tashi daga aiki.

Mai ɗaukar waya ya fara da ta'aziyya, ya bar mutumin ya yi magana, sannan ya nemi amsar waɗannan: yaushe aka yi rasuwar, a wace gunduma mamacin yake zaune, akwai wasiyya kuma ta asali ce ko kwafi, mene ne dangantakar mai kiran da mamacin, akwai gida kuma sunan wa ke takardar, kimanin nawa ne dukiyar, akwai saɓani tsakanin magada, an riga an shigar da wani abu kotu.

Tambayar sunan da ke kan takarda ita ce ke raba aiki da ɓata lokaci. Gidan da miji da mata suka mallaka tare da sharaɗin wanda ya rayu ya gaje, inshorar rai, asusun fansho mai sunan magaji, asusun banki da aka rubuta wanda za a bai wa bayan rasuwa, da duk abin da aka sa a asusun amana tun ana raye, ba sa bi ta kotu. Ƙananan gado ma suna da gajeriyar hanya. A Kalifoniya, ga wanda ya rasu daga 1 ga Afrilu 2025, dukiyar da ba ta wuce dala 208,850 ba ana iya karɓarta da takardar rantsuwa, gidan zama kuma da bai wuce dala 750,000 ba yana da sauƙaƙƙiyar hanyarsa. Wanda ba ya buƙatar cikakkiyar shari'a a gaya masa gaskiya, a nuna masa hanya. Lauyan da ya tura gwauruwa cikin shari'ar shekara guda alhali takarda ɗaya ta ishe ta ya ci amana.

Kafin a saurari cikakken labari sai a karɓi sunayen mamaci da magada a duba ko ofishin yana wakiltar ɗayansu. Ƙa'ida ta 1.18 ta ba wanda ya tuntuɓi lauya kariyar sirri ko da bai ɗauke shi ba. In ƙanin da ke fushi ya fara kira ya zazzage cikinsa, gobe yayan da aka naɗa wasiyyi ya zo da aikin gaske, lauya na iya samun kansa ba zai iya karɓa ba.

Lissafi

Farashin suna ɗaya ba ya nuna komai. Abin aunawa shi ne nawa aka kashe kafin mutum ɗaya ya sa hannu. Ga misali na kwatance kawai. A ce an ware dala 3,000 a wata. Dillali na farko yana sayar da suna a dala 50 amma ga lauyoyi da yawa, an sami 60. Rabi ba su ɗauki waya ba ko suna wajen gundumar, 20 ba sa buƙatar kotu, 10 sun zo ganawa, 2 sun sa hannu: kowane ya ci dala 1,500. Na biyu yana sayarwa a dala 150 ga lauya ɗaya tak, an sami 20, 4 sun sa hannu: dala 750. Mai tsadar ya fi araha. Ba za a gane haka ba sai kowace hanya tana da lambar wayarta daban, kuma ana rubuta inda kowane kwastoma ya fito tun daga kira har sa hannu.

Abin da lauya zai iya jurewa ya danganta da abin da aikin ke kawowa. A Kalifoniya doka ce ta yanke kuɗin: kashi 4 cikin 100 na dala 100,000 na farko, kashi 3 na 100,000 na biyu, kashi 2 na 800,000 da ke biye. Gadon dala miliyan 1 yana ba lauya dala 23,000, kuma ana lissafi ne a kan darajar kadara ba tare da cire bashin gida ba. Amma ba a biya sai kotu ta ba da umarni a ƙarshen shari'a, wadda takan kai shekara ko fiye, alhali kuɗin talla duk wata ake cira. Ofishin da bai tanadi kuɗin riƙe kansa ba zai shaƙe tun kafin biyan farko ya shigo. A jihohin da ake biya kan sa'a ko farashi tsayayye tare da kafin alƙalami, kuɗin yana shigowa da wuri amma bai kai haka ba, don haka kuɗin samun kwastoma sai ya yi ƙasa sosai. Kwangila da dillali ta kasance wata-wata, da sharaɗin mayar da kuɗi a kan lambar bogi, suna mai maimaici, da wanda ke wajen yankin, kuma a ba kowace hanya kamar wata uku kafin a yanke mata hukunci, domin iyalai da yawa sukan kira yau su sa hannu bayan makonni.

Inda abin ya shafi mutanenmu

Musulmin da ya rasu a Amurka bai bar wasiyya ba, dokar jiha ce ke raba gadonsa. A jihar New York, inda Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma ke da yawa a Bronx, matar da ke da 'ya'ya tana ɗaukar dala 50,000 da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba sauran daidai ba bambancin namiji da mace. Wannan ya yi nisa da tumunin da shari'a ta ba ta, kuma iyayen mamacin da ke Kano ko Kumasi ba su da komai a wannan rabo. Lauyan da ya fahimci wannan, yana da mai fassara, ya san yadda ake karɓo takardun rantsuwa daga magadan da ke ƙetare, yana kuma karɓar gayyatar masallaci ya yi bayani ga jama'a, ba ya buƙatar sayen suna daga kowa. Lacca ga taro halal ce, abin da aka hana shi ne bin mutum ɗaya ana matsa masa.

Lauyan da ke Najeriya kuwa kada ya kwafi wannan tsari kai tsaye, domin ƙa'idojin aikin lauya na ƙasar sun fi tsauri, sun hana neman aiki ta hanyar 'yan kamasho ko raba takardun talla. Matasan da ke karɓar aikin nesa daga ofisoshin lauyoyin Amurka su ma su lura. Tace jerin kotu, shigar da bayanai, da amsa kiran wanda ya kira da kansa aiki ne mai tsabta. In aka miƙo jerin sanarwar rasuwa aka ce a bi iyalan da waya, wannan shi ne ainihin abin da ƙa'ida ta 7.3 ta hana. Kuma in mai kira ya tambaya ko lallai sai ya je kotu, mai ɗaukar waya ba ya amsawa da ra'ayinsa, sai ya rubuta tambayar ya sa masa lokacin ganawa da lauya.